Muryar Iya a Bakin Kasuwa

A Gazara akwai wata yarinya mai rawar kai, sunanta Mukarrama. Kakarta, Iya Azumi, tana da murya mai daɗi, amma sai tana daka ita kaɗai take waƙa.

Wata rana Mukarrama ta laɓe a bayan rumbu, ta naɗi waƙar a wayar mamarta. Ta ruga wurin Zakiyyu, maƙwabcinsu mai haɗa kiɗa a kwamfuta.

"Yaya Zakiyyu, yi mata rimiks!"

"Kin ma san dalilin yin sa?" in ji shi. "Tsohuwar waƙa muke ɗora wa sabon kiɗa, don yaran yanzu su so ta, kada ta ɓace. Amma sai da yardar mai ita. Kin tambayi Iya?"

"Na tambaya," ta ce, ko kunyar ƙarya ba ta ji ba.

Zakiyyu ya sa ganga, ya ƙara sauri. Ya yanko wuri ɗaya yana ta maimaitawa: "Bashir nawa, Bashir nawa!"

To, Bashir shi ne baban Mukarrama, kuma ɗan farin Iya. Saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba.

Kan ka ce me, waƙa ta bazu har Makarfi. 'Yan acaɓa suna sa ta, masu rake suna sa ta. Iya ta je gidan suna, mata suka tarbe ta da shewa: "Ga ta Bashir!"

Ta dawo gida tana huci.

"Wannan wace irin fitina ce? Da tsufana a mayar da ni abin rawa? Wa ya sace mini murya?"

Daga ranar ta daina waƙa. Sai ƙarar taɓarya kawai ake ji, gidan ya yi shiru ba daɗi. Abin ya dami Mukarrama ƙwarai, har ta kasa cin abinci.

Ta je ta durƙusa a gaban Iya, ga Baba yana zaune.

"Iya, ni ce. Kuma na yi wa Yaya Zakiyyu ƙarya. Ki yafe mini."

"Ke dai kin cika jaraba! Na yafe, amma ya cire sunan nan. Sauran ya yi kiɗansa."

Baba ya sunkuyar da kai. "Iya, don Allah a bar mini ta farkon, mai sunan, a wayata. Ban taɓa jin kin kira sunana ba sai a cikinta."

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, tana dariya.

"Ku ji mini ja'irin yaro!"

Da yamma ta jawo turmi, ta soma waƙa. Mukarrama ta zauna kusa da ita, hannu ba waya. Ta gane cewa muryar mutum kayansa ce, ba a ɗauka sai an tambaye shi.