Keken Malam Sallau

Da hantsi aka sauke Malam Sallau daga babur a ofishin 'yan sanda na Talata Mafara. Manomi ne daga Janbako, hatsarin mota ya raba shi da ƙafar hagu. Bayan doguwar gaisuwa ya dubi Sufeto Haidar.

"Ranka shi daɗe, sau huɗu ina zuwa ƙungiyar nan mai raba keken guragu, likita bai taɓa duba ni ba. Yau an ce wai na riga na karɓi nawa."

Sufeto ya nufi ofishin ƙungiyar. Tukur, akawun da ke riƙe da takardu, ya miƙo fom ɗin Sallau yana murmushi.

"Ga hatimin likita nan, Yallaɓai. Tsohon rikicewa yake yi."

"Da idonka ka ga an duba shi?"

"Ƙwarai."

"To me ya sa aka rubuta ƙafar dama?"

Murmushin ya ɗauke. Ya ce kuskuren alƙalami ne.

A Bakura Sufeto ya iske likitar, Dakta Zakiyya. Ta dubi kwanan watan, ta ja tsaki.

"Ranar nan ina nan Bakura. Hatimina kuwa a durowar Tukur yake kwana. Kullum na tambaya sai ya ce mutanen ƙauye ba su zo ba."

Kwana uku Sufeto yana bin lambar keken da ke jikin fom ɗin, har ya gan shi a kasuwar Maradun, wani mahauci ya ɗora masa cinyar saniya. Mahaucin, Buba, ya rantse na ƙaninsa ne gurgu. Da aka ce ya kawo ƙanin, sai ya sunkuyar da kai.

"Wurin Tukur na saya."

Da Tukur ya ga Buba da keken a ofishin 'yan sanda, bai ƙara musu ba.

"Na ƙauye nike zaɓa, don na san hanya za ta gajiyar da su. Kekunan mutum tara na sayar."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Sallau ya shafa sirdin keken. "Yanzu in hau abina?"

Sufeto ya kau da kai. "Baba, shaida ne, sai kotu ta gama. Ƙungiya kuma ta ce sai ka cika sabon fom."

Tsohon ya janye hannunsa daga keken. Sannan ya jawo sandarsa.

"Wace rana zan dawo?"