Dutse na Uku a Murhun Maijidda

Ladan bai kai ƙarshen kiran sallar magariba ba dutse na farko ya sauka a kan kwanon gidan Lado. Matarsa Maijidda tana tsugune gaban murhu tana fifita wuta, ko ɗagowa ba ta yi ba. A unguwar Briketeri, inda rufin wannan yake jingine da na wancan, jifa a kan kwano ba labari ba ne. Na biyu ya biyo baya. Na uku ya gangaro ya faɗo daidai ƙafarta, ta kai hannu za ta wurgar, ta sake shi da salati. Tsakuwar tana da zafi kamar yanzu aka tsamo ta daga garwashi.

A daidai lokacin 'yarta Adawiyya ta ƙwala ihu a cikin ɗaki.

Shekarar ita ce wadda aka karya darajar kuɗin sefa. An sallami Lado daga aikin tuƙi, tukunyar gaz ta ƙare ta zama kujera a bakin ƙofa, Maijidda ta koma girkin itace irin wanda ta baro a Garwa. Mace ce mai tattali, mai son jin ƙwaƙwaf kuma. Ko a can unguwar Nkomkana aka buɗe tukunya sai ta san miyar da ke ciki. Maƙwabta suna kiranta Gidan Rediyo a bayan idonta, ita ma ta sani, tun da babu abin da ba ta sani ba.

Amma akwai abu ɗaya da ta sani ta ƙi faɗa. Mako biyu kafin nan, da wata magariba, wani abu ya huda kwanon madafa ya nutse a ƙasa. Ta tono shi: baƙin dutse, bai wuce kan jariri ba, amma nauyinsa ya fi na taɓarya biyu. Adawiyya, wadda take ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ta kara masa maganaɗisu ya manne, idonta ya yi ƙyalli.

"Inna, c'est une météorite! Daga sama ya faɗo. Irinsa suna can suna yawo, masana ma ba su san yawansu ba. Ki bar ni in kai wa malaminmu."

"Dutse dutse ne," in ji Maijidda. Dama ɗaya daga cikin duwatsun murhunta ya tsage. Ta saka baƙon a gurbinsa, tukunya ta zauna daram, ta ji daɗin dabararta har cikin ranta.

Kwana tara aka yi ana jifan nan, kullum da faɗuwar rana. Lado da maƙwabta suka hau rufi ba su ga kowa ba. Adawiyya ta daina cin abinci. Da an hura wuta sai ta dafe bayanta tana birgima, in aka ɗaga rigarta a ga shatin ƙuna tsakanin kafaɗunta. An kai ta asibiti, an auna, ba a ga zazzaɓi ba. A makon ne kuma rediyo yake ta maganar wani tauraro mai wutsiya da ya tarwatse yana faɗa wa duniyar Mushtari gunduwa-gunduwa, ana cewa da duniya ya samu da ba a ga mai ba da labari ba. Duk sanda aka ambaci hakan, yarinyar da ko ruwa ba ta iya haɗiyewa sai ta yi wata dariya mai kauri, ta tsohon namiji. Maijidda ta lura sarai cewa ciwon da wutar murhu yake tashi. Tsoro ya cika ta, kunya kuma ta rufe mata baki.

A rana ta goma Lado ya zo da Modibbo Ubaidullahi, tsohon malamin da ke karantarwa ta wajen Tsinga. Ya zauna a tabarma, ya sa aka kwantar da yarinyar a gabansa, ya jira har rana ta yi ja. Unguwar ta yi tsit, hayaƙin masu tsire ya kwanta a kan rufi. Sannan ya fara karanta ayoyin da suka ambaci masu hawa sama satar sauraro, a hankali, yana maimaitawa.

Adawiyya ta tashi zaune, wuyanta ya sandare, muryar tsohon namijin nan ta fito daga bakinta.

"Ya isa, tsoho. Ƙuna a kan ƙuna?"

"Wane ne kai," in ji Modibbo, "me ya kawo ka gidan mutane?"

"Ban zo ba, jefo ni aka yi. Na hau in ji magana, aka biyo ni da dutse, ya manne min a baya har ƙasa. Na fara hucewa ke nan, sai matar nan ta ɗora mana tukunya. Safe wuta, yamma wuta. 'Yan'uwana suna ta ƙwanƙwasa muku rufi, kun ƙi ji. Na shiga jikin yarinyar don ku ɗanɗana."

Lado ya juyo ya dubi matarsa. Maijidda ta durƙushe tana kuka.

"Ni ce, Allah gafarta Malam. Ni na sa shi a murhu. Yarinyar ta ce in ba ta, na hana."

Modibbo bai tsawata mata ba. Ya ce a janye itacen, a ciro dutsen, a yi ta zuba masa ruwa har ya daina tururi. Bokiti huɗu ya sha. Da kowane bokiti kafaɗun yarinyar suna saukowa.

"An cire ka daga wuta," in ji Modibbo. "Za a binne shi a bayan gari inda ƙafa ba ta bi. Saura kai ka fita."

"Zan fita. Amma ba ku son tukwici? Ai ban sauko hannu rabbana ba. Na ji maganar wani dutse da yake tafe, wanda wannan ko ƙurarsa bai kai ba. Na ji inda zai sauka, na ji ranar."

Bakin Maijidda ya buɗe da kansa. "Yaush—"

"Rufe bakinki!" Wannan ne karo na farko da tsohon ya ɗaga murya. "Gaskiya ɗaya aljanu suke tsintowa su naɗe ta da ƙarya ɗari. Ba ma so."

Aljanin ya yi dariyarsa mai kauri, yana kallon Maijidda da idon 'yarta.

"Na riga na zuba maganar a kunnen yarinyar, ba ta kwasuwa. Ga sharaɗina. Zan tafi, ba zan waiwayo ba. Amma ranar da wani ya tambaye ta abin da ta ji, ni zan amsa. Ranar kuwa na zauna a jikinta ke nan."

"Ba wanda zai tambaya," in ji Modibbo. Shi ma Maijidda yake kallo.

Adawiyya ta yi atishawa sau uku ta sulale. Da ta farka, koko ta nema.

An binne dutsen. Jifa ya tsaya, ƙunar ta warke ta bar tabo, Maijidda ta sa rabin bulo a gurbinsa a murhu, tukunya tana ɗan karkata ta haƙura. Sai dai mutanen unguwa sun ga wani canji da ya fi wannan. Gidan Rediyo ta mutu. Ba ta ƙara tambayar wa ya zo, wa ya tafi, me aka ce a gidan suna ba. Wasu suka ce tuba ta yi. Gaskiyar ita ce tsoron harshenta take ji, don ta san bakin da ya saba tambaya wata rana zai suɓuce a inda bai kamata ba.

Ba kuma son sanin ne ya bar ta ba. Yana nan yana cin ta kullum.

Wata magariba tana fifita wuta, ta ga Adawiyya tsaye a madafa, ta ɗaga kai tana kallon sama ta hudar nan da ba a liƙe ba. Leɓɓanta suna motsi, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai yatsa na huɗu ta tsaya, ta juyo.

"Inna, har yau ba ki tambaye ni ba."

Kwana huɗu ne, ko shekara huɗu, ko ƙarni? Tambayar ta taso har maƙogwaron Maijidda, ta ji ɗacinta a harshe. Ta dubi fuskar 'yarta da ta fara cikowa, ta dubi bakin tabon da ya leƙo ta wuyan riga. Ta haɗiye.

"Sauke hannunki," in ji ta. "Zo ki riƙe min tukunyar nan kada ta kife."