Ƙararrawar da Aka Ɗaure wa Harshe

Rana na shirin faɗuwa matar Fasto ta sauke tukunya, ta goge hannu, ta nufi bishiyar da aka rataye ƙararrawa. Saƙon maigidanta za ta cika, ba wani abu ba.

'Yan mishan ne daga ƙetaren teku, ita da mijinta da 'yarsu ƙwaya ɗaya, ko damina guda ba su yi a ƙasar ba. Baiwar Allah tana shan wuya. Gawayi ya ƙi kama mata, sauro ya mai da ƙafafunta gonarsa, harshen garin kuwa ya gagare ta. Abin da ta iya bai wuce biyu ba: "sannu da zuwa" da "na gode". 'Yar tata ce gwana. Aku suke ce mata, don duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta. Ita ke yi wa uwar tafinta har wurin sayen gishiri.

A ɗakin ajiya suka tsinci ƙararrawar, an naɗe harshenta da tsumma, an ɗaure tamau da waya. Fasto ya zauna da filaya ya kwance. Ranar da ya rataye ta, tsohuwar maƙwabciyarsu mai sayar da itace ta shigo tana faɗa, tana kaɗa hannu, tana nuna yamma. Aku na barci. Shi kuwa ya yi ta murmushi yana ce mata ya gode. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kullum da safe yake kaɗawa, kullum bencinan ɗakin ibada wayam. Da tafiya birni ta kama shi, sai ya ce, "Ina ga da safe suna gona ne. Ki gwada da yamma. Duk wanda ya ji, ya zo, ƙofarmu a buɗe take."

Ta ja igiya.

Ƙarar ba irin ta safe ba ce. Ta yi nauyi, ta bi ƙasa, har matar ta ji ta a tafin ƙafarta. Kwaɗin fadama suka yi tsit. Wani wari ya taso, warin ƙasar ramin da aka tone yanzu.

Sai ga mutane.

Ta cikin gonar bayan gida suke fitowa, ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, kawuna a sunkuye. Daɗi ya kama ta har hawaye ya zo mata. Ina ma mijinta yana nan! Ta ruga ƙofar ɗakin ibada tana ce wa kowa sannu da zuwa. Ba wanda ya amsa. Ta ce a ranta ko kunya ce.

Da ta shiga kunna fitila sai ta lura da wani abu. Bencinan nan, ko Aku ta hau sai sun yi ƙara. Ga su cike maƙil, amma ko ɗaya bai yi ƙara ba. Ba tari, ba numfashi. Ashana ta mutu a hannunta. Ta ƙyasta wata, ita ma ta mutu.

A waje ƙararrawar ba ta daina gunji ba, alhali ba mai taɓa igiya.

Sai ta ji dariyar 'yarta.

Aku na tsakiyarsu, tana zaune a cinyar wata doguwar mata, tana zuba surutu. Matar na shafa mata kai. Yatsun sun cika tsawo, ƙasa ta cika faratan.

"Aku," ta ce da raɗa. "Zo nan."

"Mama, sun ce ke kika kira su."

"Zo nan, na ce."

"Sun ce sun daɗe suna jira. Wai wanda aka kira ba ya komawa hannu wofi."

Suka miƙe gaba ɗaya.

Uwar ta so ta roƙe su. Ta so ta ce su ɗauke ta ita, su bar yarinya. Ta faɗa da harshenta, ta maimaita, ta haɗa da addu'a. Ko ɗaga kai ba su yi ba. Ta laluba cikinta tana neman kalma ɗaya ta garin da za ta tsayar da su. Babu. Abin da ya fito daga bakinta, tana kuka, shi ne, "Na gode. Na gode."

Doguwar matar ta kama hannun Aku ta nufi ƙofa.

Uwar ta cafke ɗaya hannun. Sanyi kamar randa.

Suka ja. Ta ja. Gwiwoyinta suka gurje a siminti, suka gurje a tsakuwa. Yatsun yarinyar na zamewa.

"Mama," in ji Aku, can ƙasa-ƙasa.

Wani abu ya gifta da gudu. Mai itace ce, kanta ba ɗankwali. Ta taka tushen bishiyar, ta cusa hannu cikin ƙararrawar, ta danne harshen da ɗankwalinta.

Gunjin ya yanke.

Ba kowa a filin. Sai uwa a durƙushe, 'yarta a ƙirjinta, da kwaɗi da suka ci gaba da kukansu.

Fasto ya dawo ya tarar da 'yarsa lafiya lau, tana ci tana wasa. Surutun ma yana nan. Sai dai ko kalma ɗaya ta harshen iyayenta ba ta sake fitowa daga bakinta ba, kuma ba harshen garin take yi ba. Ya yi azumi, ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Likitan birni ya duba ya ce bai ga komai ba. Ƙararrawar dai aka ɗaure ta aka binne.

Matar ta duƙufa koyon harshen garin kamar mai neman magani. Ranar da bakinta ya iya haɗa tambaya, ta ja Aku zuwa gidan mai itace.

"Iya, don Allah, me take cewa?"

Tsohuwar ta daɗe tana saurare. Ta kau da kai.

"Maganar mutanen zamanin da ce, 'yata. A bakin kakata na taɓa jin irinta. Kaɗan nake tsinta."

"Ko kaɗan ɗin ne, faɗa min."

Mai itace ta share ido da bakin zani.

"Tambaya take. Wai wace ce matar nan da ke yi mata wanka, kuma yaushe za a mai da ta wurin uwarta."