Silin Ɗakin Kaka

Akwai wata yarinya da ake kira Auta, don ita ce ƙarama a gidansu. Yayyenta duk suna makarantar kwana. Babanta direba ne, amma ya ce shi da hannunsa zai gina musu gida. Tun Auta ba ta shiga makaranta ba aka fara aza bulo. Ga shi har ta kai aji biyar ba a gama ba.

Kai, gini akwai cin rai! Duk ranar hutu, wasu yara na wasa, Auta na miƙa ƙusa. Ƙurar siminti a gashinta, fenti a farcenta. Mama ta gaji da shara. Baba kuwa in ya sunkuya, sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Saura ɗaki ɗaya, ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. Tana zaune a gidan ƙanen Baba, can nesa. Auta na son Kaka kamar me. Kullum sai ta tambayi ranar da za ta dawo wurinsu.

Rufin gidan na kwano ne, in rana ta take sai ya yi zafi jau. Shi ya sa kafin a buga silin, Baba yake jera wata auduga mai kauri tsakanin katako. Ita ce ke tare zafi. Amma fa ƙaiƙayi gare ta, ko da an sa safar hannu.

A inda kwano ya haɗu da bango akwai wani matsattsen lungu. Hannun Baba ba ya shiga. Sai ya kafa tebur mai ƙarfi, ya ɗora Auta, ya ɗaure mata hanci da ƙyalle.

"Ki cusa ta sosai har ƙurya, kada ki bar ko kafa ɗaya," in ji shi.

Auta ta yi ta cusawa. Ta gama ɓangare uku. Wuyanta ya ƙage, hannunta na ƙaiƙayi, gumi na shiga mata ido. Da ta zo ɓangaren taga, sai ta ji ba za ta iya ba kuma. Ta ɗan toshe bakin lungun yadda ba za a gane ba. Sauran audugar ta tura ta cikin buhun shara.

"Kin gama?" Baba ya tambaya daga ƙasa.

"Na gama, Baba."

Bai ko leƙa ba. Ya sa mata albarka, ya buga silin, ya shafa farin fenti. Ɗaki ya yi kyau tas.

Kaka ta iso da akwatinta, aka yi ta murna. Aka sa mata gado a gefen taga, daidai ƙarƙashin inda Auta ta tsallake.

Ba a daɗe ba Kaka ta fara ramewa. Da rana zafi ya sauko mata a ka. Ta yi fifita har hannu ya gaji, barci ya ƙi zuwa, ciwon kai ya ƙi tafiya. Aka ja gadon gefe, amma ɗakin ƙarami ne, zafin ya bi ta. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta daina tsokanar Auta.

Wata rana Auta ta dawo daga makaranta, ta tarar Kaka na ninke kayanta cikin akwati. Kaka ta ce za ta koma inda ta fito, jikin tsufa ba ya jure wannan zafi. Auta ta je ta gaya wa Baba.

Baba ya hau tsani ya dafa silin. Can sanyi, can ma sanyi. Da ya taɓa wajen taga sai ya janye hannu. Ya sauko ya zauna a bakin ƙofa, ya yi tagumi.

"Laifina ne," ya ce wa Mama a hankali. "Ni ba magini ba ne, na nace. Shekara da shekaru ina wahalar da ku, ga shi ko ɗakin uwata ban iya yi ba."

Auta ba ta taɓa ganin Baba ya karaya haka ba. Tausayi da kunya suka kama ta. Ta matso ta durƙusa.

"Baba, ba kai ba ne. Ni ce. Ban cusa ta wajen taga ba. Na gaji, sai na ce maka na gama."

Baba ya dube ta. Ransa ya ɓaci, amma bai ɗaga murya ba.

"Gajiya ba laifi ba ce, Auta. Ni ma a gajiye nake. Da kin ce kin gaji, da mun huta mun ƙarasa gobe. Ƙaryar ce ta dafa kakarki."

Auta ta fashe da kuka. Ta shiga ta ba Kaka haƙuri, ta roƙe ta ta jira zuwa ranar hutu. Kaka ta harare ta, ta ce ashe ƙawarta ce ke neman gasa ta da rai. Daga nan ta ce to, za ta jira.

Ranar hutu Baba ya ɓamɓare silin da ya sha wahalar bugawa. Wani ya tsage, fentin ya ɓaci. Auta ta hau tebur. Ƙaiƙayin na nan, zafin na nan. Sau biyu tana cewa, "Baba, na gaji." Sau biyun suka sauka, suka sha ruwa, suka koma. Ta cusa auduga har ƙurya, sannan ta ce ya haska ya gani da idonsa.

Washegari da rana tsaka Mama ta yafito Baba da Auta da hannu. Suka leƙa ɗakin a hankali. Kaka ta yi ɗaiɗai a gado, mafici ya faɗi ƙasa, sai minshari take yi. Baba ya toshe baki don kada dariya ta tashe ta.

Da ta farka ta kira Auta.

"Ƙawata, zo ki fitar mini da kayan nan daga akwati. Ba inda za ni."

Daga ranar Auta ta gane: in an ba ka aiki, ka yi shi da gaskiya ko ba mai gani. In kuwa ka gaji, ka ce ka gaji, kada ka ce ka gama.