Zinariya a Hancin Jirgi

"Ina ɗayan?"

Auta ta ɗago kai daga wanke-wanke. Yayanta na tsaye a kanta da kayan gareji, baƙin mai har gwiwar hannu. Bai jira amsa ba, ya fizge ɗankwalinta ya murɗe mata kunnen hagu.

"Wayyo Yaya, kunnena!"

"Shi nake tambaya! Ina ɗan kunnen Umma?"

"Ya... ya faɗi."

"A ina?"

"Ban sani ba..."

Marin da ya ɗauke ta da shi sai da ta kife a kan kwanuka.

'Yan kunnen nan na zinariya su kaɗai Ummansu ta mutu ta bari. Ƙanana ne, amma da nauyi kamar tsakuwa. Yaya ne ya raini Auta tun daga lokacin, kuma ko a shekarun da suke kwana da ruwa a ciki bai taɓa kai su kasuwa ba. Da ta girma, da hannunsa ya sa mata su.

"Kin zaci ban sani ba? Duk gareji an san inda kike maƙalewa in kin fita cefane. Shagon wancan mai agogon, ƙato da gemu yana wasan yara! Shi ya karɓe, ko?"

"Wallahi bai karɓa ba, Yaya!"

"Tashi mu je ya faɗa da bakinsa."

Ya zari sifana daga aljihu, ya ja ta waje ko takalmi ba ta sa ba.

Gaskiya ta faɗa, bai karɓa ba. Bai ma san inda yake ba. Ita kaɗai ta sani.

Mai agogo siririn saurayi ne marar hayaniya, shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene, in mutum biyu suka zauna sai gwiwoyinsu sun haɗu. Wata rana ya sayi tarkacen matattun agogai daga gidan wani tsoho da ya rasu, sai ya tarar da kwali a ƙasan buhun. A jikin kwalin an zana jirgin saman yaƙi mai farfela biyu yana fitowa daga hayaƙi, wani jirgin na ci da wuta a bayansa. A ciki kuwa jirgin ne da kansa, amma gunduwa-gunduwa, robobi ruwan toka maƙale a jikin sanduna kamar ƙayar kifi. Kwalin ya girmi iyayen mai agogo da na Auta. Wani ya saya, ya ajiye sai ya samu lokaci, har ya mutu bai samu ba.

Agogon Yaya ta kawo gyara ranar da ta fara ganin abin. Matuƙin jirgin ne ya tsayar da ita, ɗan mutum kamar ƙwayar wake, zaune da hularsa, amma ba shi da fuska.

"Shi wannan ta ina yake gani?"

"Shi ya sa na kasa barci," in ji mai agogo. "Shekara da shekaru yana cikin duhu, ko ido ba a yi masa ba."

Ya tsinki gashin buroshi guda ɗaya, ya tsoma a fenti, ya ɗiga masa idanu. Auta ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar kullum sai ta biyo.

Takardar bayanin ta yi ja don tsufa, kuma da wani yare aka rubuta ta, sai dai su bi hotuna. Shi yana yanka da reza yana gogewa da magagari, ita tana riƙe da hantsaki. Robar ta bushe, da ka matsa ta da ƙarfi sai ta ce ƙas. Gam ɗin ma abin mamaki ne, ba mannawa yake ba, narkar da bakin robar yake har biyu su zama ɗaya.

"Ki kula, hasken idona. Abin da aka haɗa da wannan ba ya buɗuwa, sai dai a fasa."

Da suka zo rufe cikin jirgin, hoto ya nuna sai an sa abu mai nauyi a hanci, in ba haka ba jirgin zai zauna a kan jela, hancinsa a sama kamar kare mai roƙo. Noti ya yi girma. Ƙusa ba ta da nauyi. Mai agogo ya tashi ya tafi wurin mai faci neman guntuwar dalma.

Auta ta zauna ita da jirgi. Ta tuna Umma, yadda take barin tukunya a wuta ta fito tsakar gida in ta ji ƙarar jirgin sama, tana cewa, "Ni dai ko sau ɗaya!" Ba ta taɓa hawa ba.

Ta cire ɗan kunnen ta gwada. Ya zauna daram kamar an auna. Kafin hankalinta ya dawo ta shafa gam, ta rufe.

Da ya dawo ta ce wani ɗan ƙarfe ta tsinta a durowarsa. Ya ɗora jirgin a tebur, jirgin ya tsaya cak a kan tayoyinsa uku.

"Kai! Allah Ya bar min ke! In na zo gaban Yaya neman aurenki, da wannan zan fara ba shi labari."

Tun daga ranar take ɗaura ɗankwali har ya rufe kunnuwa.

Yau ga ta a bakin shagon, ƙafa duk ƙura, kunci a kumbure.

Mai agogo ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya miƙe da fara'a.

"A'a, Yaya ne da kansa? Sannu da zu..."

Yaya ya sa ƙafa ya harbi akwatin gilashin da ke bakin ƙofa. Agogai suka watse har tsakiyar titi. Ya shaƙo wuyan rigar mai agogo ya buga shi da bango.

"Waye yayanka? Ina zinariyar uwata?"

"Wace zinariya?"

Naushi ya same shi a baki, jini ya ɓalle.

"Ɗan kunnen da ka yaudari yarinya ka karɓe! Ɓarawo mai sanyin murya!"

"Wallahi ban karɓa ba! Na rantse da Wanda Ya halicce ni ban taɓa riƙe shi ba!" Ya juyo yana haki. "Auta... faɗa masa mana."

Ta buɗe baki. Ta dubi sifanar da ke hannun Yaya, ta dubi jajayen idanunsa. Ta ce da hannunta ta jefa abin Umma cikin kayan wasa? Ta sunkuyar da kai.

"Ka gani? Ko ita ta kasa kare ka!"

Mutane sun fara taruwa. Mai faci ya kutso yana cewa, "Haba makaniki, a bi a hankali..." Yaya ya hankaɗa shi ya faɗa kwata. Ya shiga zazzage durowoyi, ƙananan sukurori da allurai na agogo suna zuba kamar yashi. Ya yage aljihun mai agogo. Ya kife kujera.

"Bincika ko'ina, Yaya. In ka same shi a shagon nan, ka yi min duk abin da ka ga dama."

"Ka faɗa da bakinka!"

Sai idon Yaya ya kai kan kantar shagon. Jirgin na tsaye can sama, an gama masa fenti kore da ruwan ƙasa, ɗan matuƙin na leƙe ta cikin gilashinsa.

"Wannan ne? Da wannan kake tara 'ya'yan mutane?"

"Don Allah kar ka taɓa shi! Tsohuwar roba ce, ba a samun irinsa..."

"Yaya, a'a!" Auta ta yi tsalle ta riƙe masa hannu. Ya wurgar da ita ta bugu da ƙyaure.

Ya ɗora jirgin a tebur ya ɗaga sifana. Bugu ɗaya fukafukai suka tashi. Na biyu cikin ya tsage gida biyu.

Wani abu ya fito daga hancin, ya gangara kan tebur yana ƙyalli, ya yi ɗan juyi, ya kwanta.

Agogan bango na ta bugawa abinsu.

Mai agogo ya zuba wa abin ido, baki buɗe. Bai gane ba. Kamar mai mafarki ya miƙa hannun dama zai ɗauka, ya ga ko idonsa ne ke masa ƙarya.

Sifanar ta sauka a kan yatsunsa.

Ƙarar da ƙashin ya yi, har mutanen waje sun ji. Ya ƙwalla ihu ya durƙushe. Yaya ya danne hannun a tebur ya sake bugawa.

"Hannun sata! Da rantsuwa a bakinka!"

"Ni ce! Yaya ni ce!" Auta ta faɗa kan hannun ta rufe shi da jikinta, bugu na uku ya same ta a kafaɗa. "Ni na sa shi! Ba ya nan na sa, na rufe da gam! Bai sani ba, wallahi bai sani ba! Ni za ka kashe!"

Sifanar ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

"Me kika ce?"

"Umma ce... ba ta taɓa hawa jirgi ba..."

Yaya ya ja da baya har ya jingina da bango. Ya dubi jinin da ke bin ƙafar tebur. Maza suka yi caa a kansa, wani da katako, wani na kiran a kawo 'yan sanda. Bai ko kare kansa ba.

"Ku bar shi," in ji mai agogo daga ƙasa, da ƙyar. "Ku kai ni asibiti."

Likita bai ɓoye musu komai ba. Babban yatsa da manuni sun farfashe. Za su warke, amma riƙe hantsaki a cikin agogo, wannan sai abin da Allah Ya yi.

Washegari da hantsi Yaya ya shigo ɗakin asibitin, goshinsa da filasta. Auta na rakuɓe a ƙasa tun jiya, mai agogo ya ƙi ko kallonta. Hannunsa na dama a naɗe kamar na ɗan dambe, na hagu an sa masa ƙarin ruwa.

Yaya ya ajiye sifanar a kan gado. Ya shimfiɗa nasa hannun a kan durowar gefe, yatsu a ware.

"Rama."

Mai agogo ya dubi sifanar, ya dubi hannuwansa biyu.

"Da wanne?"

Yaya ya fashe da kuka, ƙato da shi, kamar yaro. Wani tsoho da ke gadon kusa ya ce, "Kai makaniki, in dukan kake so kawo nan, ni hannuna lafiya lau." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

"Na cuce ka," in ji Yaya. "Shagonka zan gyara, cinka da shanka a wuyana. In har yanzu kana son yarinyar nan, na ba ka. Ba ni da abin da ya fi ta."

"Kai na yafe maka, Yaya. Abin da idonka ya gani ka daka." Ya juyar da fuska bango. "Ita kuwa tana tsaye nake rantsuwa. Na kira ta, ta dubi ƙasa."

Auta ta rarrafo ta kama ƙarfen gadon.

"Tsoro na ji, masoyina... wallahi tsoro ne."

"Ni ma na ji tsoro."

"Ka zage ni! Ka ce in mutu! Amma kar ka juya min baya..."

"Tafi gida, Auta."

Yaya ya kama kafaɗarta zai ɗaga ta. Ta ture hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Jiya na yi shiru don ina tsoronka. Yau ba inda za ni. Kai ka tafi."

Yaya ya dube ta. Sannan ya ɗauki sifanarsa ya fita, kai a ƙasa.

Rana ta yi sama, ɗakin ya ɗau zafi. Leɓɓan mai agogo sun bushe sun tsage. Kofin ruwa na nan kusa da kansa, yana satar kallonsa, ba hannun ɗauka. Ya kira nas, ba ta ji ba.

Auta ta tashi ta ɗauki kofin, ta tallafo kansa. Ya datse baki. Ba ta janye ba. Kafaɗar da aka buga tana mata zugi, ruwa na ɗiga a wuyansa, hawayenta ma haka. Tsohon gadon kusa ya yi tsaki.

"Ɗan nan, ka sha mana, hannun yarinya zai karye. Karayar ta isa haka a ɗakin nan."

Mai agogo ya buɗe ido ya dube ta, karo na farko tun jiya.

"Ban yafe miki ba tukuna."

"Na sani. Zan jira... Sha."

Ya buɗe baki.