Kofi a Bayan Taga

Kowace Lahadi a bayan tagar majami'a matar kafinta take yin sujada, rana na dukanta, ta rufe rabin fuskarta da mayafi... Allah sarki! Tun ranar da gobara ta ci shagon mijinta, ita kuma ta kutsa don ta ciro shi, ta fito da gawa da tabon ƙuna daga leɓe har wuya, yayar marigayin ta ɗora mata karan tsana. Yayar ita ce shugabar zumuntar matan majami'ar, bakinta kuwa ya fi wutar ci. Ta kwashe kayan ƙaninta, ta ɗauke 'yar da ya bari, sannan ta bi gida-gida tana cewa ba ƙuna ba ce, muguwar cuta ce mai yaɗuwa.

"Yaya, ki bar ni ko a bencin baya ne," matar kafinta ta roƙe ta cikin kuka.

"Wace ce yayarki? A kofi ɗaya muke shan Jibin Ubangiji, ki sa mana wannan bakin? Nan gidan Allah ne, ba asibiti ba!"

Dattawa suka sunkuyar da kai, kowa ya zama kurma. Su ne fa gwanayen waƙar ƙauna! Baiwar Allah ta koma waje tana share hawaye, tana cewa, "Ya Ubangiji, in a cikin ginin nan kaɗai kake zaune, to ni ba ni da kowa..."

Ana nan aka kawo sabon fasto. Ranar Jibi ya ɗaga kofi, sai ya hango matar kafinta a bayan taga. Ya tambaya, shugabar mata ta yi zumbur ta miƙe.

"Fasto, ƙyale ta. Tsarkin ɗakin Allah muke karewa."

"Bulo da kwanon rufi kike karewa, Mama. Allah a cikin mutanensa yake zaune, ga shi kun bar shi a rana!"

Ya fita da kofin, ya ba matar kafinta ta sha, ya sa bakinsa daidai inda ta sa nata. "Mai sha ya fito nan," in ji shi.

'Yar matar kafinta ce ta fara ƙwacewa da gudu, ta faɗa jikin uwarta tana kiran Mama. Dattawa suka biyo baya cikin kunya, sai mata, sai 'yan waƙa. Shugabar ta yi ta ƙwala musu kira, ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Aka bar ta ita kaɗai da gininta mai tsarki, kuma kofin bai koma ciki ba.