Rijiya ta Uku

Tun da matarsa ta rasu, Mai Awo ba ya dogon zance da kowa. Aikinsa auna ruwan ƙarƙashin ƙasa: ya zura igiya a rijiyoyi uku, ya ga wadda ruwanta ya fi nisa, sannan ya faɗi inda ruwa ya nufa da saurin tafiyarsa. Daga shi sai 'yarsa a gidan, sai rijiyar da ke tsakar gida.

Wata magariba yarinyar tana kwashe shanya, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo baya. Da uban ya ɗauka, sai ya ji shi jiƙe sharkaf, yana warin fetur. Kwana bakwai ana haka. Maƙwabta, da ma ba shigowa suke ba, suka samu hujja. Rana ta takwas yarinyar ta zauna a bakin rijiya ta ƙi tashi, ta daina ci, tana ƙirga taku da muryar tsoho. Tsoro ya kama shi, don ita kaɗai ta rage masa.

Malamin da ya kira ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wane ne kai?"

"Baƙo ne," in ji muryar. "Koro ni aka yi daga ƙarƙashin gidan man bakin titi. Tankinsu ya huje. Ina gaba, man yana bina, har nan."

"Ba zai yiwu ba, Malam," in ji Mai Awo a hankali. "Ni na yi musu awo. Gabas ruwan ya nufa, mu kuwa muna yamma."

Yarinyar ta juyo ta dube shi da idon da ba nata ba.

"Rijiya ta uku, yaushe ka zura mata igiya?"

Mai Awo ya tuna. Da hantsi ne, bayan mata sun gama jan ruwa. Ruwan ya yi ƙasa, shi kuwa ya ɗauka can gabas ɗin ne gangare. Ya san ƙa'ida sarai, da asuba ake awo kafin guga ya shiga. Amma a wancan makon matarsa tana kwance a asibiti, sauri yake ya koma.

"Me kake so ka sake ta?" in ji malamin.

"A rufe rijiyar nan. Ubanta ya bi gida-gida ya faɗa da bakinsa cewa mai ya shiga ruwa. Ni zan ƙara gaba, mai bina ba ya tsayawa."

"Na yarda," in ji Mai Awo.

Yarinyar ta yi atishawa ta sulale ƙasa. Malam ya yi sallama ya tafi, gidan ya yi tsit.

Can ta buɗe ido, leɓɓanta a bushe.

"Baba, ruwa."

Ya ɗauki kofi ya nufi randa, sai ya tsaya. Shi da kansa ya cika ta daga rijiyar da safe, kamar kullum.